Raddi ga Masu Cewa Tushen Kalma Shi Ne Ma'anarta

Akwai ra'ayin da ke yawo tsakanin wasu masu koyar da Turanci, wai ma'anar kalma ta gaskiya tana can a tushenta, duk abin da ya biyo baya gurɓata ne. A kan haka suka gina hukunci: tunda kalmomin muhawara na Ingilishi sun fito daga duka da girgiza, to Bature bai san muhawara ba sai a matsayin faɗa. Abin ya dame ni, domin ɗalibai na haddace shi kamar karatu, alhali hujjojin ba su da ƙwari.

Hujjarsu ta farko ita ce "debate". Sun ce daga tsohon Faransanci ta zo, inda "batre" ke nufin duka. Gaskiya ne, har ma zan ƙara musu cewa a Ingilishin ƙarni na 14 husuma take nufi. To amma malamanmu sun daɗe da raba ma'anar lugga da ta isɗilahi. Salla a lugga addu'a ce, amma wanda ya ɗaga hannu ya roƙi Allah bai sauke farillar Azahar ba.

Ta biyu "discuss", daga Latin "discutere", wato a girgiza abu har ya wargaje. Likitocin Ingila na da sun yi amfani da ita wajen maganin da ke sa kumburi ya sace. In tushe ne alƙali, sai mu ce likitan ne kaɗai ya iya Turanci.

Ta uku ita ce wadda suka fi taƙama da ita, kuma ita ce ta kayar da su: "agitate", wadda yau ake fahimta da zuga jama'a da tayar da zaune tsaye. A ƙarni na 17, in aka ce an yi wa mas'ala haka, ana nufin an zauna an jujjuya ta ta kowace fuska. A 1647 sojojin majalisar Ingila, da suka gaji da jiran bashin albashinsu, suka zaɓi wakilai daga rundunoninsu, aka kira su "Agitators", ma'ana masu aiki a madadin wasu. Wasunsu, irin su Edward Sexby, sun zauna da manyan hafsoshinsu, Oliver Cromwell da Henry Ireton, a cocin St Mary da ke Putney a ƙarshen Oktoban wannan shekara, ana muhawara kan wa ya cancanci jefa ƙuri'a, mai dukiya kaɗai ko har da talaka. Sai daga baya sunan ya zama na mai hura wutar fitina. In suka ce ai kalmar komawa ta yi ga tushenta na girgiza, sai mu ce ko a Latin "agitare" tana ɗauke da ma'anar jujjuya magana a zuci. Wanne daga cikin biyun ne tushen?

Sai kalmar da suka tsallake, kuma na san dalili. "Moot" ba ta da duka ko girgiza a tarihinta. A tsohon Ingilishi taro take nufi, majalisar masu ba sarki shawara ma "witenagemot" ake kiranta, taron masu hikima. Wannan kaɗai ya rushe da'awar cewa harshen bai san zaman shawara ba. Daga baya ɗaliban lauya a Landan suka riƙa kiran shari'ar gwaji da suke yi da wannan suna. Daga nan ma'anar ta rabu biyu: a Ingila mas'alar da aka siffanta da ita tana nan a buɗe, ana iya jayayya a kanta, a kotunan Amurka kuwa ƙarar da aka kira haka ta riga ta mutu, hukunci ba zai canza komai ba, sai alƙali ya kore ta.