Makarantun yarjejeniya a Amurka: zaɓi ne ko sa'a?

A kowace shekara idan watan Afrilu ya kama, dubban iyaye a birnin New York kan zuba ido su ga ko ƙuri'a za ta faɗa kan ɗansu mai shekara biyar da haihuwa.

Abin da suke nema shi ne gurbi a ɗaya daga cikin makarantun da Amurkawa ke kira charter, wato makarantun yarjejeniya. Gwamnati ce ke ɗaukar nauyinsu da kuɗin harajin jama'a, amma ƙungiyoyi masu zaman kansu ne ke tafiyar da su.

Ba a biyan ko sisin kwabo, ba a kuma yi wa yaro jarrabawar shiga. Idan masu nema suka fi guraben da ake da su yawa, sai a yi ƙuri'a.

Mafari

Jihar Minnesota ce ta fara kafa dokar da ta halatta irin waɗannan makarantu a 1991, aka kuma buɗe ta farko a birnin St. Paul a 1992.

Hukuma kan ba makaranta izini na wasu 'yan shekaru, galibi biyar, ta sakar mata mara wajen tsara darussa da ɗaukar malamai. Ita kuma makarantar ta yi alkawarin cewa yara za su koyi karatu, in ba haka ba a janye izinin.

A yau akwai irinsu kusan 8,000, da ɗalibai fiye da miliyan uku da rabi. A birnin Washington kusan rabin ɗaliban makarantun gwamnati a cikinsu suke, a New Orleans kuwa kusan dukan makarantun birnin aka mayar haka bayan mahaukaciyar guguwar Katrina ta 2005.

Ko kwalliya na biyan kuɗin sabulu?

Wata cibiyar bincike ta jami'ar Stanford mai suna CREDO ta daɗe tana bin diddigin wannan batu.

A rahotonta na 2009, ta gano cewa kashi 17 cikin 100 ne kawai na makarantun suka fi takwarorinsu na gwamnati a fannin lissafi, yayin da kashi 37 suka kasa su.

Amma a rahoton 2023 labari ya sauya. Ɗaliban makarantun yarjejeniya sun ɗara da kwatankwacin karatun kwana 16 a shekara a fannin karatu, da kwana shida a lissafi. 'Ya'yan baƙaƙen fata da na talakawan birane ne suka fi cin gajiyar abin, yayin da makarantun da ke koyarwa ta intanet suka kasance a can baya.

Abin da wannan ke nunawa shi ne, bambancin da ke tsakanin wata makarantar yarjejeniya da 'yar'uwarta ya fi wanda ke tsakaninsu da na gwamnati girma. Saboda haka sunan kaɗai ba ya ba uba tabbacin komai.

Haɗarin rufewa da tsananin horo

Ga ƙaramin yaro da ke fara koyon baƙi da wasali, ba abin da ya kai zama wuri guda muhimmanci. Sai dai ƙa'idar da ta ba hukuma damar rufe makarantar da ta gaza, ita ce kuma ke iya barin yara a tsakiyar hanya.

A watan Janairun 2018 an rufe makarantar intanet ta ECOT a jihar Ohio ana tsakiyar shekarar karatu, bayan taƙaddama da hukuma kan adadin ɗaliban da take karɓar kuɗi da sunansu. Yara kimanin 12,000 ne suka shiga neman wata makarantar.

Akwai kuma batun horo. Rukunin makarantun Success Academy, da Eva Moskowitz ta kafa a unguwar Harlem a 2006, ya yi suna wajen cin jarrabawar jiha. To amma ya sha suka kan dakatar da ƙananan yara daga aji. Magoya bayansa na cewa tsari ne ke kawo nasara, masu suka kuma na cewa hanya ce ta sa iyayen yaro mai wuyar sha'ani su janye shi da kansu.

Batun addini

Ga Musulmi mazauna Amurka akwai ƙarin tambaya. A Minnesota iyaye 'yan asalin Somaliya da dama sun rungumi irin waɗannan makarantu, saboda wasunsu na ba da abincin halal, suna kuma koyar da Larabci.

Sai dai a idon doka makarantun gwamnati ne, don haka ba su da ikon koyar da addini. Makarantar Tarek ibn Ziyad da ke jihar ta fuskanci ƙara a 2009 bisa zargin cusa addini da kuɗin gwamnati, kuma an rufe ta a 2011.

A watan Mayun 2025 ma, alƙalan Kotun Ƙolin Amurka sun rabu huɗu da huɗu a kan yunƙurin buɗe wata makarantar yarjejeniya ta cocin Katolika a jihar Oklahoma, abin da ya bar haramcin da kotun jihar ta yi yana aiki. Ke nan wanda ke son ɗansa ya yi karatun Alƙur'ani, sai ya nema masa a masallaci ko Islamiyya.

Masu goyon bayan tsarin na cewa ya ba talaka zaɓin da a da sai mai hannu da shuni ke da shi. Ƙungiyoyin malamai kuwa na cewa kuɗin da ke bin yaro zuwa can, daga aljihun makarantar unguwa yake fita.

Yayin da ake wannan muhawara, abin da ya rage wa iyaye shi ne su je su gani da idonsu: shekara nawa makarantar ta yi, yaushe izininta zai ƙare, malamai nawa ke barinta a shekara, yaya ake yi da yaron da ya yi ƙiriniya, kuma akwai motar da za ta kai shi ta dawo da shi?

Bayan duk wannan, ƙuri'a ce za ta yanke hukunci. Wanda ba ta faɗa kansa ba, makarantar unguwa ce ke jiransa, kuma a irinta ne mafi yawan yaran Amurka ke karatu har yanzu.