Matasan wasan kwaikwayo a Sahel: tsanin da ya ratsa ta Faransa ya karye

Tun daga shekarar 2014, matashin marubucin wasan kwaikwayo da ke rubutu da Faransanci a Afirka yana da buri guda sananne: lashe lambar yabo ta Prix RFI Théâtre. Hakim Bah na Gini ya same ta a 2016, Edouard Elvis Bvouma na Kamaru a 2017, sai Sèdjro Giovanni Houansou na Benin a 2018. Abin da ya fi kuɗin kyautar daraja shi ne abin da ke biyo baya: a ba marubuci wurin zama ya yi aiki, a karanta wasansa a gaban jama'a, masu shirya bukukuwa su san da zamansa.

Sai dai ana miƙa lambar ne a birnin Limoges na Faransa, kuma gidan rediyon da ke ɗauke da sunanta an dakatar da shi a Mali a watan Maris na 2022, a Burkina Faso a Disamban wannan shekarar, a Nijar kuma a Agustan 2023. A watan Satumban 2023 wani umarni ya isa cibiyoyin al'adu na Faransa cewa su jingine hulɗa da masu fasaha na ƙasashen uku. Hukumomin Paris sun musanta cewa ƙauracewa ce bayan da aka yi ca a kansu, amma an daina bayar da biza a lokacin. Waɗanda suka riga suka yi suna suna da wasu ƙofofin. Masu tasowa ne suka ji a jikinsu.

Wannan ne ya sa idanu suka ƙara komawa Wagadugu, inda Étienne Minoungou ya kafa Récréâtrales a 2002. Ana yin bikin duk bayan shekara biyu a unguwar Gounghin, kuma dandalinsa tsakar gidajen mutane ne. Iyalai kan ba da farfajiyarsu, a kafa kujeru da fitilu, 'yan kallo su shiga ta ƙofar da masu gida ke bi kullum. Kwanakin biki ƙarshen aiki ne kawai. Kafin su akwai watanni na horo da gwaji, inda marubuta da daraktoci da 'yan wasa da masu tsara dandali ke zama tare. Shirinsu na Labo Elan an ware shi ne musamman don matasa daga ƙasashe daban-daban na nahiyar. Lambar yabo mutum ɗaya take ɗagawa a shekara, ita ko wannan hanya ayari guda take fitarwa, har da masu haɗa fitila da sauti waɗanda ba kasafai ake tunawa da su ba.

Nijar ma ta san irin wannan tunani. Marigayi Alfred Dogbé, wanda ya rasu a 2012, ya kafa bikin Émergences a Yamai domin sababbin ayyuka su sami masu kallo.

Matsalar da ba a cika son faɗa ba ita ce kuɗi. Su ma bukukuwan cikin gida sun daɗe suna dogaro da tallafin ƙasashen Turai. Gwamnatocin ƙawancen AES na yawan maganar 'yancin al'adu, har an sauya wa cibiyar Jean Rouch ta Yamai suna zuwa Moustapha Alassane a 2024. Sauya allo aikin yini ɗaya ne. Ɗaukar nauyin matashi na wata uku yana gwajin wasa, da abincinsa da kuɗin motarsa daga Damagaram ko Bobo-Dioulasso, yana bukatar layi a kasafin kuɗi, kuma a yanzu tsaro ne ke cin kaso mai tsoka na kasafin ƙasashen uku.

Akwai kuma batun harshe. Lambar RFI rubutun Faransanci kaɗai take karɓa, don haka matashin da ke tsara wasa da Hausa, Zabarmanci ko Moore bai taɓa kasancewa cikin masu takarar ba tun kafin rikicin biza.