Sharhi: Kafin a sayar da tsohon babur ɗin Baba a kilo

A gidaje da dama na Maraɗi, Damagaram da Tawa akwai babur ɗin da ke jingine a zaure ko bayan ɗaki, ƙura ta rufe shi, kaji suna kwana a ƙarƙashinsa. Wani Mobilet ne, wani Peugeot, wani tsohon Yamaha ko Honda CG 125. In aka tambayi masu gida abin da ya kwantar da shi, amsar kusan ɗaya ce: wuta. Ba ya tashi da safe, ko kuma yana cikin tafiya in ya yi zafi sai ya mutu, a turo shi gida. Daga nan ɗan da ke ci-rani a Aljeriya ko Abijan ya aiko kuɗin sabon Kasea ko Haojue, tsohon kuma ya zauna jiran masu sayen ƙarfe.

Sau da yawa asara ce da babu dalilinta. Injin lafiya lau yake. Abin da ya gaji bai fi tafin hannu ba.

Baburan wancan zamani suna ba da wuta ne da wasu ƴan ƙarafa biyu da masu gyara ke kira filatin. Duk juyin inji sai sun rabu sun haɗe, kuma rabuwar ce ke sa buji ya yi tartsatsi. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce milimita 0,4 ba. Ƙafar da ke buɗe su tana cinyewa, bakinsu yana ƙonewa, ƙurar hunturu tana shiga, sai tazarar ta sauya, wutar ta riƙa zuwa ba a kan lokaci ba. Ga kuma kondansater, wanda in ya tsufa ba ya jure zafi. Shi ne yawanci ke kashe babur da tsakar rana, a bar shi ya huce ya tashi kamar ba shi ba. Tsofaffin masu gyara sun san wannan ciwo kamar yunwar cikinsu: da takardar naɗa taba suke gane daidai lokacin da filatin ke rabuwa. Irinsu suna ƙarewa, filatin mai kyau kuma ya yi wuyar samu a kasuwa.

Maganin shi ne a cire filatin a sa ƙaramin akwatin nan da ake kira CDI, irin wanda ke jikin kusan kowane babur na kabu-kabu a yau. A cikinsa babu abin da ke gogar wani. Akwatin yana tara wuta, wata ƴar na'ura kusa da bolan ta sanar da shi lokaci, ya sake ta gaba ɗaya zuwa bobin. Babu tazarar da za ta sauya, babu abin gogewa duk bayan ƴan watanni. Babur yana tashi da wuri, kuma wutar da ke zuwa a kan lokaci ba ta barin mai ya fita ta salansa bai ƙone ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: ko da gwamnati ta sauke litar esansi zuwa sefa 499 a watan Yulin 2024, arahar man ruwa-ruwa ta tafi tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023.

Su kuwa injinan sun cancanci wahalar. Honda ya fitar da CG 125 a 1975 musamman saboda ƙasashen da ake lodi fiye da kima kuma ba a canza baƙin mai a kan kari. Mobilet, da kamfanin Motobécane na Faransa ya soma ƙerawa a 1949, yaro mai sifana uku zai iya kwance ta ya mayar.

Sai dai a nan ne ake ɓarna, kuma a nan ya kamata a tsaya. CDI ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai shan wuta daga bolan, akwai mai sha daga batir, kuma a ido suna iya kama da juna. In aka musanya su, ko dai babur ya ƙi tashi ko akwatin ya ƙone. Wanda aka yi domin inji irin na CG yana gaggauta wuta yayin da gudu ke ƙaruwa, alhali injin da ake gauraya wa mai da baƙin mai, irin na Mobilet, ba ya son haka. A ɗaura masa shi, zai yi ƙarfi kwana biyu, mai shi yana murna, rana ɗaya a kan hanya piston ya huje. A Mobilet ana so tartsatsi ya zo saura kamar milimita 1,5 zuwa 2 piston ya kai ƙololuwa. Wannan aikin awo ne. Mai gyaran da ya ce da kunne zai ɗaura, a gode masa, a ja babur a yi gaba. Haka wanda ya ce CDI zai warkar da komai: in zoben piston ya cinye ko karburater ya toshe, akwatin ba ya da abin yi.

Akwai kuma abin da ake rasawa, bai kamata a ɓoye ba. Filatin in ya yi gardama tsakanin Dakwaro da Maraɗi, ɗan ƙyallen yashi da sukurdireba sun isa su kai mutum gida. CDI in ya mutu ya mutu, sai sabo. Ga mai zirga-zirga cikin gari wannan ba damuwa ba ce. Mai shiga ƙauyuka ranar kasuwa kuwa, ya ajiye na biyu a ƙarƙashin sirdi. Bai kai girman akwatin ashana biyu ba.

Abin da ya fi akwatin ƙaranci shi ne mai iya ɗaura shi. Yawancin yaran gareji sun koyi canza kaya ne kawai: a cire wannan, a gwada wancan, mai babur yana biya. Kaɗan ne ke riƙe da na'urar awon wuta, balle su karanta zanen wayoyi. Cibiyoyin koyon sana'a na CFM da ke cikin kananan hukumomi, da asusun FAFPA da ke tallafa wa koyon sana'a, suna iya cike wannan giɓi da horo na ƴan makonni kan wutar babur zalla, a haɗa tsofaffin masu filatin da yaran da suka tashi da CDI a rumfa ɗaya.

Ɗan ci-ranin da ke shirin aiko kuɗin sabon babur ya fara sa a kai tsohon a auna ƙarfin injinsa. In yana da sauran rai, a sauya masa wuta, a karɓo bolan da filatin na asali daga hannun mai gyara, a shafa musu mai a rufe cikin gwangwani. Masu neman tsofaffin babura suna tambayar kayan asali kafin su yi tayi.