Gidan Sauro Ba Kayan Ajiya Ba Ne



Duk shekara idan damina ta yi nisa, daga watan Agusta har Oktoba, ba sai likita ya gaya mini halin da gari yake ciki ba. Rajistar aji ta ishe ni. In kira suna, a ce, "Ba shi da lafiya, Malam." In kira na gaba, a ce, "Zazzaɓi take yi." Bara wata ɗalibata ta yi sati uku ba ta zo ba, sai da aka yi mata ƙarin jini a asibiti. Ta dawo a rame, haddarta duk ta zube, muka koma baya muka sake tusawa. Ƙaninta mai shekara biyu da suka kwanta tare, shi bai tashi ba. Allah Ya sa mai ceto ne.

Bayan wannan sai na tambayi ajina, su wa ke da gidan sauro a gidansu? Hannaye suka tashi kusan duka. Na ce to su wa suka kwana a cikinsa jiya? 'Yan kaɗan suka rage a sama. Wani ya ce nasu yana cikin ledarsa a ƙasan akwatin Umma. Wata ta ce Baba ne yake kwana a ciki, su a tabarma suke. Wani kuma ya ce da nasu aka kewaye yabanyar tumatir saboda kaji. Wanda ya fi ba ni dariya da takaici shi ne wanda ya ce nasu ne ragar gola a filin ƙwallon unguwa.

Abin da nake son faɗi ke nan a wannan fitowa. Gidan sauro mai magani yana aiki, kuma barinsa a ninke alhali yaro yana kwana a fili sakaci ne da amana.

Ba da ka nake magana ba. Tun 1897 aka gano cewa sauro ne yake ɗaukar ƙwayar wannan cuta daga jikin mutum zuwa wani. Ba shan mangwaro ba ne, ba dukan ruwan sama ba ne. Macen wani nau'in sauro ce mai suna anofilis, kuma ta fi cizo cikin dare, lokacin da mutum ya yi nisa a barci. A ruwan da ya kwanta take yin ƙwai, mu kuwa nan Samaru da Sabon Gari ba mu rasa shi ba: ga Kubanni, ga fadamun Galma, ga kududdufai da ramukan da aka haƙi ƙasar gini. Gidan sauro na da, shinge ne kawai. Mai magani kuwa shinge ne kuma tarko: numfashin mai barci yana jawo sauro, ta sauka a kan raga, maganin ya kama ƙafafunta ta mutu. Ma'ana, wanda ya rataya nasa ya rage wa maƙwabcinsa ma sauro.

An fara ganin fa'idarsa a ƙauyukan Gambiya, inda sakamakon bincike ya fito a 1991, sannan aka sake gwadawa a Gana da Kenya da Burkina Faso. Da aka haɗa sakamakon, sai aka ga mutuwar ƙananan yara ta ragu da kimanin kashi 17 cikin 100 a inda ake kwana cikinsa. A watan Afrilu na 2000 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin yaɗa shi, a 2009 kuma aka fara babban rabo kyauta a Jihar Kano, daga baya ya iso mana. Wani bincike na 2015 ya ƙiyasta cewa daga 2000 zuwa 2015 an kauce wa kamuwa da zazzaɓin har sau miliyan 663 a Afirka, kuma kashi 68 cikin 100 na wannan gidan sauro ne sababinsa. Duk da haka, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 cutar ta kashe mutum kimanin 608,000, kusan ɗaya cikin uku a Nijeriya, mafi yawansu yara 'yan ƙasa da shekara biyar.

To mene ne uzurinmu? An ce zafi. Gaskiya ne, ni ma ina jinsa, musamman daren da babu wuta. Amma zafin da ya fi tsanani na Maris da Afrilu ne, sauro kuwa a damina ya fi yawa, lokacin da dare yake da sanyi. An ce yana sa ƙaiƙayi da yajin fuska. Wannan yawanci daga sabo ne wanda aka fasa ledarsa aka shiga nan take. A shanya shi a inuwa kwana ɗaya tukuna. Wata dattijuwa ta ce mini ita ba za ta kwana cikin farin abu mai kama da likkafani ba. Na ce, "Inna, ai akwai shuɗi da kore, a samo miki."

Uzurin da ya fi damuna shi ne na masu cewa cuta da mutuwa duk ƙaddara ce, raga ba ta tare ajali. Haƙiƙa ba ta tarewa. Amma 'yan aji biyar sun karanta ƙissar mai raƙumin nan da Manzon Allah (SAW) ya umarta ya ɗaure abinsa sannan ya dogara ga Allah. Mai wannan magana kuma ban taɓa ganin ya bar shagonsa a buɗe ya tafi gida ba.

Ba zan ɓoye muku ba, gidan sauro ba shi ne komai ba. Sauro ya fara sabawa da tsohon maganin da ake sa wa raga a sassa da yawa na ƙasar nan, shi ya sa aka fito da sababbi masu haɗin magani biyu, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su a 2023. Sannan ba ya kare yaron da yake zaune a tsakar gida yana tilawa bayan isha'i. Ko da maganin ya yi rauni dai, raga marar huda tana nan a matsayin shinge, kuma ta fi fiya-fiya da ake yayyafawa a ɗaki yara suna shaƙa. In zazzaɓi ya zo duk da haka, a je a yi gwajin jini a ranar, kada a tsaya sayen ƙwaya biyu a kyamis ana jiran gobe.

Ya ku iyaye maza, da ku nake a nan, kuma da kaina na fara. Idan raga ɗaya ce a gida, ta mai ciki ce da ƙananan yara, domin su cutar ta fi kayarwa. Maigida ya haƙura har a samo ta biyu. Mai kwana a tabarma ma ana rataya masa, ƙusa huɗu ce da igiya, a cusa bakin ragar ƙarƙashin tabarmar ta ko'ina. Wanki kuma sai ta yi datti, da sabulu na gari ba omo ba, a shanya a inuwa. Tana kai kimanin shekara uku idan an kula.

Ku kuma ɗalibai, ga aikin gida na wannan sati. Kowa ya duba ragar ɗakinsu da rana, ya nemi huda, ko ƙarama ce, ya karɓi zare da allura wurin Umma ya ɗinke. Wanda tasu take cikin akwati ya roƙa da ladabi a fito da ita. Ranar Asabar kafin mu buɗe allo zan sake tambaya su wa suka kwana a ciki.

Wassalamu alaikum.