Spirulina Abinci Ce, Ku Daina Sayar Mana Da Ita A Matsayin Magani

'Yan uwa mazauna Karshi da kewaye,

Kwanakin baya wani dattijo cikinmu ya ajiye maganin hawan jini da likita ya rubuta masa, ya koma haɗiyar wasu koren ƙwayoyi na spirulina, saboda mai talla ya rantse masa cewa suna "wanke jini". Sai da aka kwantar da shi a asibiti. Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Spirulina ba baƙuwa ba ce a yankinmu. Wani irin gansakuka ne da ke tsirowa a tafkunan ruwan kanwa. Matan Kanembu da ke gefen Tafkin Chadi sun daɗe suna kwasarta, su shanya a kan yashi, su sa a miya. Sunanta a wurinsu dihe. Ba su ɗauke ta maganin ciwon suga ba, kayan miya ce kamar kuka da daddawa a wurinmu.

Amfaninta gaskiya ne. Kusan kashi 60 cikin 100 na busasshiyar spirulina furotin ne, tana kuma da sinadarin ayon. To amma a yi lissafi: ƙaramin cokali ɗaya bai wuce giram 3 ba, furotin ɗin cikinsa kusan giram 2 ke nan. Ƙwai guda yana ba da kusan giram 6. Da kuɗin kwalba ɗaya, mudu nawa na wake ko waken suya uwargida za ta auno a kasuwar Karshi?

Akwai haɗari kuma. Idan aka noma ta a gurɓataccen ruwa, tana iya ɗauko dalma ko gubar da ke lalata hanta. Mun ga abin da dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010. Lambar NAFDAC a jikin kwalba kuwa ba shaida ba ce cewa abin yana warkar da wata cuta.

Masu tallan da ke bi gida-gida da zaurukan WhatsApp, ku ji tsoron Allah. Neman halal ba laifi ba ne, amma duk wanda ya sa mara lafiya ya bar maganinsa don kwamisho, ya ɗauki alhakin rai.

Mai son sha ya fara tambayar likita, musamman mai juna biyu da mai ciwon ƙoda. Kada kowa ya ajiye maganin asibiti saboda ita.

Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.

Sakataren Ƙungiya