Allurar Akuya Ita Ce Garkuwar Gada

A yammacin Amurka, tumakin dutse suna mutuwa da ciwon huhu da suke ɗauka daga tumakin gida. Zamfara ba ta da wannan dabba, amma tana fuskantar irin haɗarin.

Idan rani ya tsananta, dabbar gida da ta daji kan haɗu a mashaya ɗaya. A nan cutar PPR, mai sa awaki da tumaki zazzaɓi da majina da zawo, take samun hanyar tsallakawa. A 2017 ta kashe dubban barewar saiga a Mongoliya. Arewacin Nijeriya ma ya shaida makamancin haka a 1983, lokacin da bushiya ta karkashe shanu, ta kuma kai ga ɓaunar Yankari.

Babu mai iya bin gada cikin dajin Kuyambana da allura, amma akuya tana ɗaure a turke, kuma rigakafi ɗaya yana kare ta aƙalla shekara 3. Saboda haka ya wajaba gwamnatin Zamfara ta kai allurar kyauta kasuwannin Gusau, Tsafe da Bungudu kowace ranar kasuwa. Akuyar da aka kare jarin matar gida ce; ɗan abin da ya rage a daji ma zai tsira tare da ita.