Shiri daban, jadawali daban, alƙawari daban



Yawancin takardun da ke zuwa mana daga ma'aikatu da makarantu da asibitoci da Turanci ake rubuta su, mu kuwa sai mu haɗa kalmomi huɗu mu kira su duka "shiri". Wannan sakacin yana jawo mana asara.

"Plan" shi ne shiri, wato niyyar yin abu. In muka ce muna shirin gyara rijiyar burtsatse a Doubeli, ba mu sa rana ba tukuna. "Schedule" ko "timetable" kuwa jadawali ne, an riga an yanke rana da awa, kamar jadawalin jarrabawar WAEC ko na tashin maniyyata daga filin jirgin saman Yola. Jirgi ba ya jiran mai sallama da dangi. "Agenda" ita ce ajanda, jerin batutuwan da za a tattauna a zama. "Appointment" alƙawarin ganawa ne da wani a ƙayyadadden lokaci. Wanda likita ya ba ƙarfe 9, ya je ƙarfe 12, bai makara a shiri ba, alƙawari ya saɓa, kuma wani ya shige gurbinsa.

Yanzu mu dubi sanarwar tarukanmu: "ranar Asabar bayan La'asar." Wannan ba jadawali ba ne, domin bayan La'asar ta kama tun daga wajen ƙarfe 4 har Magariba. Wani ya rufe shagonsa a kasuwar Jimeta, wani ya biya kuɗin keke daga cikin garin Yola, wani ya tsallako gada daga Girei, duk su zauna jiran waɗanda ba su zo ba. Kafin a taɓo batun kuɗin marayu an kira salla. Wata mai zuwa ba za su dawo ba, kuma ba wanda zai ga laifinsu.

Wasu kan ce kiyaye lokaci ɗabi'ar Bature ce. To ai kowa ya san ƙarfe nawa ake tayar da Juma'a a masallacin unguwarsu, kuma liman ba ya jiran kowa.

Shawarata ita ce kowace sanarwa ta zo da rana, da awa, da wuri, da ajanda. Lokaci na cika a buɗe taro da waɗanda suka halarta, ko su biyar ne. In an yi haka sau biyu, a na uku kowa zai zo da wuri.

Allah Ya sa mu dace.

Sakatare